Launin da Hilke Ta Bari

Wessel Tammeling ya shekara talatin da takwas yana aiki a gidan wasan kwaikwayo na garinsu, amma cikin masu zuwa kallo da ƙyar a sami mutum goma da suka san fuskarsa. Wurin zamansa wani ɗan ɗaki ne can sama, bayan layin kujeru na ƙarshe, mai tagar gilashi da ke fuskantar dandamali. A nan teburin sarrafa fitilu yake, da kujerar da ta lotsa daidai jikinsa, da ƙusar da yake rataye rigar ruwa. Kullum ƙarfe tara da rabi na safe zai jingine kekensa a ƙofar baya, ya hau matakala hamsin da biyu, burodi da cuku a aljihu.

Ubansa mai gyaran wutar jiragen kamun kifi ne a tashar ruwa, ya kuma so ɗan ya gaje shi. Sai dai Wessel, ko jirgi a ɗaure yake, da ya taka shi sai amai. Yana da shekara ashirin da uku aka aike shi gidan wasan ya duba wata waya da ke ɗaukar zafi. Ya gyara, ya tsaya kallon yadda ake rataye fitilu, ya riƙe wa wani tsani. Washegari ya dawo ba tare da an kira shi ba, kuma ba wanda ya ce masa ya tafi.

A wancan zamani, in ana son launi, leda mai launi ake yankawa a sa a bakin fitila, in ba ta yi ba a sake hawa tsani. Yatsunsa har yau da tabon ƙuna. Daga baya aka kawo fitilun zamani, kowace ɗaya da ja da kore da shuɗi da ruwan zuma a cikinta, daga tebur ake gauraya su da wasu 'yan faifai huɗu da ake murzawa da yatsa. Sa'o'insa da yawa suka ce su kam sun tsufa da koyon kwamfuta. Wessel ya ɗauki littafin na'urar ya tafi da shi gida. Matarsa Aukje ta ce wata uku ba ta ga fuskarsa a wurin cin abinci ba, sai bangon littafi.

Akwai ɗabi'a guda da ta zame masa jiki. Wata rana wuta ta ɗauke ana tsakiyar shiri, aikin yini guda ya tafi. Tun daga ranar, ko ɗigo ya canza sai ya danna maɓallin ajiya, in zai tashi aiki kuma ya kwafe komai a filashi, ɗan abin adana bayanai da yake sawa a aljihu. Har tsokanarsa ake yi, wai ko atishawa ya yi sai ya ajiye.

Cikin masu tsara haske da ya yi aiki da su, ba wadda suka daɗe tare kamar Hilke Bronsema. Shekara ashirin da shida tana zaune a layi na tara da fulas ɗin kofi, shi yana sama, suna magana ta abin kunne mai makirufo. Ita ce mai ido, shi ne mai hannu. Ba ta taɓa kiran lamba ba.

"Ƙara shuɗi," za ta ce. "Ƙara. Wessel, yatsa gare ka ko kofaton doki? Koma baya kaɗan. Tsaya nan, kada ka yi numfashi."

In launi ya yi mata, sai a zuba shi a ma'aji cikin tebur, a ba shi lamba da suna. Daga nan duk inda ake son launin cikin wasa, daga ma'ajin tebur yake ɗebo shi. A taɓa abin da ke cikin ma'aji, ko'ina ya canza. Ita ke raɗa sunayen, shi ke rubutawa yana girgiza kai: Madarar Jiya, Fushin Surukata, Laraba da Ruwan Sama. Bai taɓa cin abinci a gidanta ba, ita ma sau ɗaya ta zo nasa, ranar bikin 'yarsa. Amma daga tarinta cikin abin kunne yakan san ko launi ya yi ko bai yi ba.

Wasanta na ƙarshe na wata tsohuwa ne da ke kwashe kayan gidanta na bakin teku. Saboda shi Hilke ta yi yini biyu tana neman launi guda, irin hasken da ke kwanciya a kan taɓon bakin teku da safe in ruwa ya janye, ba fari ba, ba toka ba, ba shuɗi ba. Da ta same shi ta yi shiru har Wessel ya zaci abin kunnen ya lalace. Aka zuba shi a ma'aji na sha bakwai, ta sa masa suna Ruwa Ya Janye. Wuri arba'in da ɗaya ake kiransa cikin wasan.

Bayan shekara uku, a watan Fabrairu, ciwo ya kwantar da ita sati biyar ta rasu. Gidan wasan ya yanke a maimaita wasan a watan Oktoba don tunawa da ita, da 'yar wasan da ta yi shi tun farko, da hasken yadda ta bar shi. A takardar talla aka buga sunanta a ƙarƙashin kalmar haske. Da Jorien Klaver, shugabar masu fasaha, ta tambayi Wessel ko komai na nan, sai ya ɗaga mata filashi ya ce, "Ko ɗigo bai ɓata ba."

Ranar Litinin da safe ya ɗora wasan a tebur, ya kashe fitilun aiki, ya kira lamba sha bakwai. Haske ya taso a kan farin labulen baya. Wessel ya daɗe yana kallo. Abin da ke gabansa ya fi kama da ruwan wankin kwano, ya karkata ruwan ɗorawa, ba rai a cikinsa.

Bai damu ba, don wannan aikinsa ne. Ya fara daga inda ake farawa. Ya share duk abin da ke riƙe a hannun tebur, ko akwai wani tsohon umarni da ke danne shuɗi, ya sake kira. Haka dai. Ya duba ko wani layi na biyu na aiki a ɓoye, babu. Ya kunna fitilu ashirin da huɗun da ke haska labulen, ja zalla, sannan kore zalla, sannan shuɗi zalla, yana neman wadda ta bambanta da 'yan uwanta, don fitilar da ta dawo daga gyara takan dawo da wani tsari daban. Duk bakinsu ɗaya. Ya sauka ya shafa labulen ko ƙura ce ta rina shi, ya tarar a watan jiya aka wanke. Ya hau tsani ya goge gilashin fitila shida, ya sauya waya biyu.

A kan tsanin Jorien ta same shi, tana wucewa da katako a kafaɗa, fitilun aiki a kunne.

"Kawu Wessel, me kake nema a sama da wannan gwiwar taka?"

"Shuɗin ya raunana. Duka ashirin da huɗun, daidai wa daida."

"To ai ba fitilu ba ne ke nan."

"Ni kike koya wa?"

Ta yi dariya. "An dai sabunta manhajar tebur a watan Yuli, lokacin kana hutu. Ko ita ce?"

Ta wuce da katakonta. Wessel ya sauko zuciyarsa ta yi sanyi, don ya sha jin yadda sabuwar manhaja ke canza gaurin launi. Ga dalili ya samu. Abin da ya rage shi ne ya maido wa Hilke launinta, kuma in akwai mai iya wannan a duniya, shi ne.

Ya zauna ya ɗora yatsa a kan faifan shuɗi. Ya ƙara, ya ƙara, ya rage ruwan zuma, ya taɓa kore, ya ɗan rage ja. Can wajen ƙarfe biyu taɓon ya fara sheƙi a kan labule kamar yadda ya san shi. Tebur ya tambaye shi ko a wannan wuri kaɗai za a gyara, ko a cikin ma'aji. Wuri arba'in da ɗaya ne, ba mai hankalin da zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya zaɓi ma'aji, ya danna ajiya. Ranar Talata ma a kansa ya wuni, ya ƙara kaɗan ya ajiye, ya rage kaɗan ya ajiye. Da yamma ya kwafe a filashi kamar kullum. A gida Aukje ta ce rabon da ta ji shi yana fito tun kafin jana'iza.

Ranar Laraba aka yi gwajin farko da 'yan wasa. Roelie Wubs ce ke fitowa a tsohuwar, mace mai shekara saba'in da bakin da ba ya ragawa kowa. Ta daɗe tana kiran Wessel Mujiya, shi kuma yana ce mata Gimbiya. Aka zo inda take tsayawa a bakin taga da butar shayi a hannu, Wessel ya danna, hasken ya taso. Roelie ta fara magana, ta tsaya, ta juya hannunta ta duba bayansa.

"Mujiya, kana ji na?" Ta sa hannu a goshi tana leƙen sama. "An canza labarin ne ba a gaya min ba? Gawa nake fitowa yanzu?"

Ya kunna lasifika. "Haka Hilke ta bar shi, Gimbiya."

"Hilke ta bar ni a bakin teku. Kai ka saka ni a firjin kifi. Dubi hannuna."

Wasu suka yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Darakta ya waiwayo yana kallon tagar gilashi. Wessel ya ji takun Jorien a matakala. Ta shigo tana haki, ta duƙa ta karanta lambobin da ke kan allo, ta dubi dandamali, ta sake duban allon.

"Ka taɓa sha bakwai?"

"Na gyara shi. Manhajarku ta ɓata shi."

Ta miƙa hannu ta kawar da lambar, ta kunna farin haske zalla a kan labule.

"Kawu, wane launi ne wannan?"

"Fari ne da ya sha hayaƙi. Kin ga abin da nake gaya miki."

"Rufe idonka na dama."

Ya rufe. Labulen ya ɗan washe, ba sosai ba. Ya buɗe na dama ya rufe na hagu, labulen ya koma kamar tsohuwar jarida. Ya sake yi, ya kuma sakewa.

"Fari ne tas," in ji Jorien, murya ƙasa ƙasa. "Ko da na auna, fari ne."

Sai abubuwa suka riƙa zuwa masa a jere. Safar da Aukje ta ce ɗaya baƙa ce ɗaya shuɗiya, ya yi mata gardama. Fitilun motoci da suka fara tarwatsewa a idonsa in ana ruwa. Fentin ɗakin girki da ya ce ya dafe, ita ta ce bara aka yi shi. Ya duba waya, ya duba fitila, ya duba labule, ya zargi manhaja. Abin da ake dubawa da shi ne kaɗai bai duba ba.

"Ba komai," Jorien ta ce, ta jawo kujera. "Mu koma ajiyar baya."

Tebur yana riƙe ajiya goma na ƙarshe, in aka yi ta sha ɗaya mafi tsufa ta faɗi. Ta buɗe jerin. Duk goman na ranar Talata ne, mafi tsufa ƙarfe uku saura na yamma. Cikin kwana biyu ya ajiye fiye da sau talatin.

"Filashi fa?"

Ya ciro shi daga aljihun riga ya ɗora a tebur. Bai saki ba sai da ta ja. Suna ɗaya yake ba wasa tun farko har ƙarshe, don kada a rikice a ɗora tsoho. Na Litinin ya hau kan na Hilke, na Talata ya hau kan na Litinin.

"Ka rubuta lambobin farko kafin ka murza?"

"Ban rubuta ba."

"Ka tuna su?"

"Shuɗi yana cikin arba'in da wani abu." Ya dubi faifan. "Duka huɗun na taɓa, Jorien."

Daga ƙasa Roelie ta ɗago murya. "In shayi kuke sha a can, a aiko min da nawa." Ta daɗe tana kallon tagar, sannan ta ajiye butar ta zauna a bakin dandamali.

Akwai hotuna da bidiyo na wasan farko, amma kowa a wurin ya san kyamara launin da ta ga dama take ɗauka. A hoto ɗaya taɓon kore ne, a wani ruwan hoda. Abin da ya rage shi ne littafin aikin Hilke, kuma yana wurin mijinta. Jorien ta ce za ta kira shi a waya. Wessel ya ce a'a, shi zai je.

Menno Bronsema, mijin Hilke, tsohon malamin lissafi ne. Ya buɗe ƙofa da silifas, ya dafa kofi, ya ajiye biskit ɗaya a gefen kowane kofi. Wessel bai taɓa nasa ba sai da ya faɗi abin da ya yi, tun daga Litinin har Laraba, bai rage komai ba. Menno ya tashi ya ɗauko littafin daga kan fiyano. Zane ne cike da shi, kibiyoyi da da'irori da tabon kofi. Suka sami shafin. A gefe ta rubuta da fensir: Sha bakwai, ruwa ya janye, yana wurin Wessel.

Menno ya cire tabarau ya goge. "Ni fa shekara talatin tana nuna min launi ina cewa ya yi kyau," ya ce. "Ta san ƙarya nake. Takan ce bari ta je wurin mai gani." Ya tura masa faranti. "Ci biskit ɗinka."

Ranar Alhamis aka zauna sake haɗa launin. Jorien ce a kan faifai, Roelie ta tsaya a bakin taga awa uku ba ta yi ƙorafi ba. Darakta ya ce ya fi haka sanyi. Mai ɗinkin kaya ta ce a'a, rigar takan yi kamar azurfa. Roelie ta ce ita daga ciki ta san shi, hannunta yakan yi kamar na uwarta. Duk lokacin da aka yi gardama sai a waiwayo wurin Wessel, don an saba, sannan a tuna a kau da kai. Shi yana zaune a gefen Jorien, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Da la'asar aka tsaya a kan wani launi da ba wanda ya ƙi.

Jorien ta ce ya ci gaba da tafiyar da wasan, danna lamba a kan lokaci ba ya bukatar launi, kuma ba wanda ya san numfashin Roelie kamar shi. Ya yi hakan sati shida, bai makara ko sau ɗaya ba. Sau arba'in da ɗaya a kowane wasa yana kiran sha bakwai, yana ganin ruwan wankin kwano, mutane a ƙasa suna share hawaye.

A watan Disamba aka yi masa aikin yanar ido, na dama tukuna, na hagu sai bazara. Likitar ta ce irin wannan yana ba dare ɗaya take zuwa ba, tasa ta kai shekara biyar ko shida tana taruwa. Da aka cire bandeji ya tsaya a ɗakin girki yana kallon bango, ya ce wa Aukje ashe fentin yana da kyau. Ta ce ta gode da ya lura, ko da an makara.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Lahadi da rana, cikin Janairu. Wessel na hutun jinya, amma ya zo da wuri, a bas, don an hana shi keke. Bai hau sama ba. Ya shiga zauren tun babu kowa ya zauna a tsakiya. Jorien ta gan shi ta taga, ta kashe fitilun aiki, ta kira sha bakwai, sannan ta sauko ta zauna kusa da shi.

Ya rufe idon hagu ya duba da sabon. Haske ne mai sanyi, mai tsabta, yana kwance a kan labule da kujerun tsohuwar da akwatunanta. Ya rufe sabon ya duba da tsohon, ya ga abin da ya saba gani. Ya nemi launin da ke cikin kansa, wanda ya yi yini biyu yana bi da yatsa, don ya gwada su. Sai lissafin likitar ya faɗo masa. Shekara uku da wani abu ke nan da suka haɗa launin shi da Hilke. A ranar ma yanar tana nan. Abin da ya gani da ta yi shiru cikin abin kunne, ba shi ne abin da ta gani ba.

"To, Kawu?" in ji Jorien. "Shi ne?"

"Ban sani ba."

"Ko kusa?"

"Yana da kyau," ya ce. "Kun yi aiki. Amma ko nata ne, ba ni ne zan gaya miki ba. Ban taɓa ganinsa ba."

Jorien ta dube shi, ba ta tambayi abin da yake nufi ba. A waje an fara jin hayaniyar mutane suna ba da rigunan sanyi a wurin ajiya. Ta duba agogo ta ce saura minti huɗu a buɗe ƙofa.

"Bar shi a kunne har a buɗe," ya ce.

Ta bar shi. Suka zauna su biyu suna kallon labule.